Litinin Ɗin Miƙa Kundi a Wooster

Sanyin ƙarshen watan Maris ne ya fara yi mini maraba a filin jirgin saman Cleveland da ke Amurka, tun kafin in hango mai masaukina. Na baro gida ana fama da zafin bazara, sai ga ni ina rawar ɗari cikin rigar sanyin da na ara a wurin ƙanena. Mai masaukin nawa, wata dattijuwar farfesa da muka taɓa haɗuwa a wani taron ƙara wa juna sani, ta ɗauke ni a motarta muka nufi kudu. Tafiyar ta ɗan haura awa ɗaya. Gonaki ne dama da hagu, ba ganye ko ɗaya a jikin itatuwa, ga ragowar dusar ƙanƙara a gindin shingaye kamar an watsar da auduga. Da muka kusa gari sai muka rage gudu saboda wani baƙin keken doki da ke gabanmu, wani mai dogon gemu da malafa yana riƙe da linzami. Ta ce mini ɗan ƙabilar Amish ne, mutanen da har yau ba sa tuƙa mota saboda aƙidarsu, kuma wannan yanki na jihar Ohayo yana cikin inda suka fi yawa a duniya.

Abin da ya kawo ni shi ne kundi. Shekara da shekaru ina duba kundayen ɗaliban ajin ƙarshe a jami'ar da nake koyarwa, kuma duk shekara zuciyata ba ta kwanciya da abin da muke yi. Farfesa ta taɓa ce mini a kwalejinsu babu ɗalibin da ke samun digiri sai ya yi shekara guda cur yana bincike a ƙarƙashin malami ɗaya, su biyu kawai. Na ce mata ai mu ma haka muke yi. Ta yi murmushi ta ce in zo in gani. Na nemi hutun mako shida, na taho.

Wooster ƙaramin gari ne, mutanensa ba su kai dubu 30 ba. Kwalejin tana kan ɗan tudu a arewacin garin. Mabiya ɗariƙar Kirista ta Firesbiteriyan ne suka kafa ta a 1866, kuma ɗalibanta ba su wuce 2,000 ba, wato ba su kai yawan ɗaliban tsangaya ɗaya a manyan jami'o'inmu ba. Digiri na farko kaɗai take bayarwa. Duk da ƙanƙantarta, a nan Arthur Compton ya gama karatu a 1913, wanda daga baya ya sami lambar yabo ta Nobel a fannin fiziks a 1927. Gine-ginen na bulo ne da dutse, tsofaffin itatuwa sun kewaye su. A tsakiya akwai wani babban gini mai kama da fadar sarki, ana ce masa Kauke, da wata ƙofa mai baka da ta ratsa shi daga gaba zuwa baya. Ta wannan ƙofa sababbin ɗalibai ke shiga a jere idan suka zo, ta nan kuma suke fita ranar yaye su.

Na dace da zuwa, domin kwana biyu da saukata aka yi ranar da duk kwalejin ke jira: Litinin ta farko bayan hutun tsakiyar zango, ranar da wa'adin miƙa kundi ke cika da ƙarfe 5 na yamma. Tun da hantsi na tsaya kusa da ofishin rajistara ina kallo. Ɗalibai na zuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu idanunsu sun yi jawur don rashin barci, wasu da iyayensu a bayansu. Duk wanda aka tabbatar ya miƙa aikinsa, sai a ba shi abu biyu. Na farko alewa ce mai cakulan da ake kira Tootsie Roll, wadda ba ta fi tsawon yatsa ba. Na biyu bajo ne mai lamba, lambar tana nuna ko kai ne na nawa a miƙawa. Wata yarinya da ta karɓi nata ta tsaya tana kallon alewar nan a tafin hannunta, sai hawaye. Ƙawarta ta rungume ta. Ba ta ci alewar ba, ta zura ta a aljihu, kuma an ce mini da yawansu haka suke adana ta shekaru.

Bayan ƙarfe 5 sai gari ya ɗauka. Kwalejin tana alfahari da tushenta na Sikotilan, saboda haka tana da mabusa irin nasu, masu busa wata algaita mai jakar iska da ake matsewa a hammata. Suna sanye da zane mai gidan dara, baƙi da rawaya, wanda ya tsaya musu a gwiwa duk da sanyin. Ƙarar abin ta tuna mini da hawan sallah. Mabusa na gaba, 'yan ajin ƙarshe na biye da su ta cikin ƙofar Kauke, kowa da bajonsa a ƙirji, ƙannensu na sauran azuzuwa da malamai da ma'aikata sun yi layi gefe da gefe suna tafi. Na sha ganin bikin yaye ɗalibai, amma ban taɓa ganin makaranta ta fito ƙwanta da ƙwarƙwatarta tana yi wa kammala bincike biki ba. Ɗan aji ɗaya da ya tsaya a wannan layi ya riga ya san abin da ke jiransa nan da shekara uku, kuma ya ga cewa abin alfahari ne.

Washegari na tambayi Farfesa mafarin abin. Ta kai ni cibiyar ɗalibai, wadda ke ɗauke da sunan Howard Lowry. Shi tsohon ɗalibin kwalejin ne, masanin adabin Ingilishi, yana koyarwa a Jami'ar Princeton aka kira shi ya dawo ya shugabanci Wooster a 1944. A lokacin, yawancin makarantun da ke ba ɗalibai damar bincike suna keɓe ta ne ga 'yan tsirarun da suka fi maki. Lowry ya tsaya kai da fata cewa kowa ya shiga, mai hazaƙa da mai ja da baya. Aka fara shirin a 1947, suka sa masa sunan da ke nufin karatun dogaro da kai, suna taƙaita shi da haruffa biyu, I.S. Ya shugabanci kwalejin har rasuwarsa a 1967, shirin kuma yana nan bayan fiye da shekara 70, an gina komai na makarantar a kansa.

Wannan gina komai a kansa shi ne abin da na fi daɗewa ina nazari. Ɗalibi ba ya wayar gari a ajin ƙarshe a ce masa kawo take. Tun zangonsa na farko yana shiga ƙaramin aji inda ake matsa masa da rubutu da gardama. A aji uku yana yin ƙaramin bincike na zango ɗaya, inda yake koyon dabarun fanninsa: yadda ake tsara tambaya, yadda ake neman abin da aka riga aka rubuta, yadda ake tattara bayanai. Sai a ajin ƙarshe ya ɗauki babban aikin, zango biyu, kuma ana ƙirga shi a matsayin darasi cikakke kowane zango. Sun san ba a fafe gora ranar tafiya.

Zuciyar shirin kuwa ganawar mako-mako ce. Kowane ɗalibin ajin ƙarshe yana da lokacinsa da malaminsa, kimanin awa guda, duk mako, daga farkon shekara har ranar miƙawa. Na so in ga yadda take kasancewa, amma na zo bayan an gama. Sai Farfesa ta nemi izinin wani ɗan aji uku da ke tsakiyar nasa ƙaramin binciken, ya yarda in zauna a kusurwa.

Yaron ya shigo da kofin shayi da takardu shafi huɗu da ya aiko mata tun daren jiya. Yana son ya gano dalilin da ya sa matasan ƙauyukan yankin ke barin gona. Ta riga ta karanta, ta cika gefen takardun da rubutun fensir. Ba ta fara da kurakuran ba. Ta ɗora yatsa a kan wata jimla a shafi na biyu, inda ya ce matasa ba sa son noma, ta tambaye shi wa ya faɗa masa haka. Ya ce kowa ya sani. Ta ce mutum nawa ya tambaya. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce uku, kuma duk abokan ɗakinsa ne. Ta jira. Na lura da wannan jira sosai, domin ni da tuni na ba shi amsa. Can sai shi da kansa ya ce ai ukun nan duk waɗanda suka riga suka bar gona ne, bai ji ta bakin waɗanda suka zauna ba. Ta ce to ina zai same su. Suka shafe kusan minti ashirin a kan wannan tambaya ɗaya: wace kasuwa manoma ke taruwa, wace rana, yaya zai gabatar da kansa, wace takardar izini zai nema daga kwamitin da ke kare haƙƙin mutanen da ake bincike a kansu. Kafin ya tashi ya rubuta abu uku da zai kawo mako mai zuwa, ita ma ta rubuta a littafinta. Yana fita wata ta shigo.

Na tambaye ta ina take samun lokaci. Ta ce ba sadaka take yi ba. Duba kundi yana cikin nauyin koyarwar da kwaleji ke ƙirga mata, saboda haka idan ɗaliban da take dubawa sun yi yawa, ana rage mata darussan aji. Kuma kwalejin tana ba malamanta hutun bincike a kai a kai, domin wanda ya daina bincike ba zai iya koya wa wani ba. A nan ne na gane bambancin da ta yi wa murmushi tun farko. Mu ma muna da kundi a manhaja, har da yawan makin da ya ɗauka. Awar nan ce ba mu da ita, kuma babu wanda ya taɓa ƙirga ta a jadawalin malami.

Ɗakin karatu ma an shirya shi ne da wannan a zuciya. Akwai wani sashe da aka buɗe a 1995, ɗakin karatu na Gault, wanda cikakken sunansa ma yana ɗauke da sunan wannan shiri. Ana ba 'yan ajin ƙarshe ɗan teburi mai shinge, kowa da nasa, ya riƙe shi shekara guda. Na zaga cikinsu da yamma. Wani ya jera littattafai har sun kusa rufe fitila, wata ta manna hoton kakarta da taswirar wani kogi, wani ya bar bargo a kan kujera. Ɗalibi ba ya kwashe kayansa kullum ya sake neman wurin zama gobe. Ƙaramin abu ne, amma duk wanda ya taɓa rubuta kundi a kan cinyarsa a ɗakin kwanan mutum takwas ya san darajarsa. Akwai kuma asusun Copeland, mai sunan wani tsohon shugaban kwalejin, inda ɗalibi ke rubuta takardar neman tallafi, ya bayyana abin da zai yi da abin da zai kashe, a ba shi kuɗin tafiya ko na sayen kayan gwaji. Ko rubuta wannan takarda ma darasi ne.

Wurin da ya fi burge ni shi ne wani ɗan ɗakin gwaje-gwaje a sashen nazarin ƙasa da duwatsu, inda ake karanta shekarun itace. A ƙasashen sanyi itace na ƙara zobe ɗaya a cikinsa kowace shekara. Shekarar da aka sami ruwa zoben kan yi faɗi, shekarar fari ya tsuke. Wata ɗaliba ta nuna mini wani siririn itace mai kaurin fensir, wanda suka huda suka zaro daga ginshiƙin wani tsohon rumbun katako na wani manomi. An manna shi a kan katako mai kwari, an goge shi da takardar yashi har yana sheƙi. Ta sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma ta ce in leƙa. Sai ga zobban a jere kamar saƙar tabarma, faffaɗa, faffaɗa, siriri, siriri, faffaɗa. Tana auna faɗin kowanne, kwamfuta na ajiyewa, sa'an nan a gwada jerin da na sauran itatuwan yankin da aka riga aka san shekarunsu. Inda suka dace, nan ne zamanin itacen. Idan zoben ƙarshe na jikin ɓawo yana nan, za a iya faɗin ainihin shekarar da aka sare shi. Daga nan su rubuta wa mai rumbun rahoto, su gaya masa lokacin da kakanninsa suka yi ginin, su kuma ƙara wannan ma'auni a cikin tarihin ruwan sama na yankin. Yarinyar ba ta wuce shekara 21 ba, amma yadda take magana a kan inda ma'auninta zai iya yin kuskure, ka ce ta shekara goma tana aikin. Na tsaya ina tunanin azarorin tsofaffin soraye na Kano da Katsina da Zariya, da irin tambayoyin da ɗalibanmu za su iya yi musu ta wasu hanyoyin, in an sa su a hanya.

A watan Afrilu aka shiga kare kundi. Ɗalibi na zama da malaminsa da wani malami na biyu da ya karanta aikin da idon baƙo. A yi kusan awa ana tambaya yana amsawa. Sakamakon mataki huɗu ne: yabo na musamman, mai kyau, ya wadatar, da kuma bai karɓu ba. Wanda ya sami na ƙarshen ba shi da digiri sai ya gyara. Mai karatu na biyun nan yana da amfani ta fuska biyu, domin yana auna ɗalibi, yana kuma ganin irin jagorancin da abokin aikinsa ya yi.

Wannan ya kai mu ga doguwar hirar da muka yi wani dare a gidan Farfesa, bayan ta dafa mini kifi da dankali. Na ce mata duk abin da na gani ya burge ni, amma ta yaya aka san yana aiki? Wataƙila yaran da ke zuwa nan tun asali masu ƙoƙari ne. Ta ce wannan tambaya ta daɗe tana damun masana a Amurka, domin ba Wooster kaɗai ke wannan harka ba. Cibiyar fasaha ta MIT ta buɗe shirin shigar da ɗaliban digiri na farko cikin binciken malamai a 1969, a hannun Margaret MacVicar. A 1978 wasu malaman kimiyyar sinadarai na ƙananan kwalejoji suka kafa majalisar da ke kula da binciken ɗalibai, wadda ake kira CUR. A 1987 hukumar tallafa wa kimiyya ta ƙasar ta buɗe wani sabon shiri na biyan ɗalibai su yi bincike a lokacin dogon hutu. A 1998 rahoton kwamitin Boyer ya zargi manyan jami'o'i da yin watsi da ɗaliban digiri na farko, ya ce a mai da bincike ginshiƙin karatunsu. Kuɗi ya shiga, sai aka fara tambayar sakamako.

Hanya mafi sauƙi ita ce a tambayi ɗaliban. David Lopatto na Kwalejin Grinnell ya tsara takardar tambayoyi, kuma a sakamakon da ya buga a 2004, na ɗalibai 1,135 daga makarantu 41, yawancinsu sun ce sun ƙaru da fahimtar yadda ake bincike, da juriya idan gwaji ya ƙi, da iya aiki su kaɗai. Amma mutum ya ce ya ƙaru daban, a tabbatar ya ƙarun daban. Shi ya sa ta fi ganin ƙimar abin da aka yi a Jami'ar Mishigan. A can masu neman shiga shirin sun fi guraben yawa, sai aka yi ƙuri'a. Waɗanda ƙuri'a ta faɗa musu da waɗanda ba ta faɗa musu ba duk masu sha'awa ne iri ɗaya, saboda haka ana iya gwada su da adalci. Sakamakon da Biren Nagda da abokan aikinsa suka buga a 1998 ya nuna waɗanda suka shiga sun fi tsayawa a makaranta ba su gudu ba, kuma amfanin ya fi fitowa a wurin ɗalibai baƙar fata. A 2017 kuma majalisar manyan masana kimiyya ta ƙasar ta duba duk abin da aka tara, ta ce alamun alheri suna da yawa, amma hujjar da ke nuna sababi kai tsaye ba ta wadata ba, a ƙara ƙaimi. Wannan gaskiya ta ƙara mini ganin girmansu. Abin da suke ƙauna ne, amma ba su ji tsoron ɗora shi a kan sikeli ba. Mu kuwa idan aka zo tantance sashe, kundaye ake jerowa a kan kanta, a ga bangonsu ya yi kyau, a ƙirga, a wuce.

Na kawo mata ƙorafina na ƙarshe, wanda na san duk abokin aikina zai kawo. Wooster makaranta ce mai tsada, mai zaman kanta, malami ɗaya bai wuce ɗalibai 12 ba. Mu ajinmu ɗaya kan kai ɗari uku. Ba ta musa ba. Ta ce manyan jami'o'insu ma suna da wannan matsala, kuma mafitar da suka samu ita ce a mai da darasin aji kansa ya zama bincike. Ta ba ni misalin shirin da Graham Hatfull na Jami'ar Pittsburgh ya assasa, wanda cibiyar Howard Hughes ta yaɗa zuwa makarantu da yawa daga 2008. 'Yan aji ɗaya ne ke ɗebo ƙasa daga lambu ko bakin rafi, su tace, su nemo wasu ƙwayoyin bairos da ke cinye bakteriya. Duk wanda ya samo tasa shi ke raɗa mata suna, a karanta ƙwayoyin halittarta, a ajiye a rumbun da ya tara dubbai. A 2019 aka buga labarin wata yarinya a Landan da aka yi wa dashen huhu, wata bakteriya da ta gagari magani ta kama ta. Da uku daga cikin wannan rumbu aka yi mata magani ta sami sauƙi. Ɗaya daga cikinsu wata ɗaliba ce ta samo ta a birnin Durban na Afirka ta Kudu, a jikin ruɓaɓɓen gauta. Na daɗe ban ce komai ba bayan ta gama.

A daren nan na kasa barci, na tuna nawa kundin. Malamin da ya duba ni yana da mu fiye da arba'in, ga darussa, ga jarrabawa. Sau uku na gan shi a shekarar. A na ƙarshe ya sa hannu a kan bonet ɗin motarsa. Ban riƙe shi a zuciya ba, domin yanzu da nake kan kujerarsa na san abin da ya gani. Bayan shekaru na koma neman kundin, aka buɗe mini wani sito, na tarar da kundaye jibge har rufi, gara ta ci na ƙasa. Kuma kowa ya san shagunan da ke bakin ƙofar makarantu, inda ake sauya sunan gari da shekara a tsohon aiki a sayar wa ɗalibi. Yaron da ba wanda zai tambaye shi mako-mako ina aka kwana, me zai hana shi saye?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne mun san amfanin abin, domin mun taɓa cin moriyarsa. Duk mai nazarin Hausa ya san yawan waƙoƙin baka da tarihin makaɗa da kalmomin sana'o'i da suka tsira saboda kundayen digiri na farko da aka rubuta a Zariya da Kano da Sakkwato. Ɗalibai ne suka koma garuruwansu da rikoda, suka zauna gaban maƙera da majema da masaƙa da tsofaffin mata, suka rubuto abin da ba ya cikin kowane littafi. Manyan malamai har yau suna kafa hujja da su. Ɗalibinmu yana da abin da na Ohayo ba shi da shi: harshe, da dangi a ƙauyen da ba wanda ya taɓa bincika, da tambayoyi birjik a ƙofar gidansu, daga ruwan rijiya zuwa farashin taki.

Ana saura kwana kaɗan in taso aka yi taron baje kolin bincike. An soke darussa ranar baki ɗaya. 'Yan ajin ƙarshe suka tsaya gaban fostocinsu, wasu suka yi jawabi, masu zane suka rataye ayyukansu, masu kiɗa suka yi wasa. Mutanen gari sun shigo, iyaye sun zo daga nesa. Na ga yarinyar ɗakin itace tana yi wa wani tsoho mai hular manoma bayani, yana jingine da sanda yana gyaɗa kai. Kundayen kuma ba sito ake kai su ba. Ana ɗora su a rumbun intanet na ɗakin karatu, inda na baya zai ga inda na gaba ya tsaya, ya ɗora daga nan.

Da na dawo gida na manna takarda a ƙofar ofishina. Ɗalibai 24 aka ba ni a wannan shekara. Na kasa su gida shida, mutum huɗu-huɗu masu take makusanta, kowane rukuni da awarsa a mako, kuma ba mai shigowa sai da shafi biyu da ya rubuta da hannunsa. A makon farko wani ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa, ya ce, “Allah ya gafarta Malam, wai kowane mako za mu riƙa zuwa, ko sai mun gama babi?” Na ce kowane mako. Awa shida ke nan da babu su a jadawalina, daga lokacin iyalina nake yankarsu, kuma na san ba kowane malami zai iya ba.

Saboda haka kirana ga shugabannin sassa da majalisun jami'o'inmu ne. Ku ƙayyade yawan ɗaliban da malami ɗaya zai duba. Ku sa awar ganawa a cikin jadawali, ku ƙirga ta cikin nauyin aikinsa kamar yadda kuke ƙirga lacca. Ku sa malami na biyu ya karanta kowane kundi, ku ware rana ɗaya a shekara da ɗalibai za su tsaya gaban jama'a su faɗi abin da suka gano. Kundayen da ke sito kuma a fito da su a ɗauki hotonsu kafin damina mai zuwa.